Nasiha Ga 'Yan Ƙaramar Sakandare Game Da Gina Ƙananan Samfura

Ya ku 'ya'yana, maza da mata, da ke aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare a Garki da Wuse da Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, da sauran makarantun da ke cikin yankin Babban Birnin Tarayya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani darasi da na lura yawancinku kun mayar da shi lokacin shan iska tsakanin lissafi da Turanci, wato darasin al'adu da fasaha, musamman sashen nan nasa da malami kan umurce ku ku zo da kwali da gam da almakashi da yumɓu, ku gina ɗan ƙaramin gida, ko masallaci, ko gada, ko mota, wanda girmansa bai wuce a ɗora shi bisa tebur ba. Waɗanda suka sanya wannan darasi cikin manhaja, a hukumar tsara karatu ta ƙasa da ke Sheda a ƙaramar hukumar Kwali, ba don su cike gurbi suka sanya shi ba. Kuma ni a nawa ra'ayin, kaɗan ne daga cikin darussanku suka kai shi fa'ida, da sharaɗin a yi shi bisa ƙa'idar awo, kuma ya kasance hannun ɗalibi ne ya yi aikin.

Ku fara duban garin da kuke zaune a cikinsa. Kano da Katsina da Zariya birane ne da suka tsiro sannu a hankali, unguwa bayan unguwa, ƙarni bayan ƙarni, har ba wanda zai iya nuna ranar da aka aza tubalinsu na farko. Amma Abuja an riga an gan ta a takarda tun kafin a gan ta a ƙasa. A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya nemo wurin da ya dace da sabon babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar wa ƙasa cewa an tsai da shawara, kwana goma kacal kafin a kashe shi, Allah Ya jiƙansa. A 1979 aka miƙa babbar taswirar birnin, sa'an nan aka ɗanka wa wani gwanin zayyana gine-gine mutumin Japan, Kenzo Tange, tsara tsakiyarsa, inda majalisa da fadar shugaban ƙasa da kotun ƙoli suke yau a gindin Dutsen Aso. Gwamnati kuwa ba ta taso daga Ikko ba sai ranar 12 ga Disamba 1991. To, a farkon waɗannan shekaru, lokacin da wurin yake daji ne da gonakin doya da ƙauyukan Gbagyi, da me aka nuna wa mahukunta abin da za a kashe musu dukiya a kansa? An nuna musu ne da zane, da kuma ƙananan gine-gine da aka jera bisa tebur, kowanne da awonsa, kowace hanya da faɗinta, domin mutum ya sunkuya ya dubi birnin da ba a gina ba tukuna, ya ce wannan ya yi, wancan a gyara. Har yau kuwa, in kun shiga ofisoshin masu gina rukunin gidaje na sayarwa, za ku tarar da irin waɗannan samfura cikin akwatin gilashi, kuma wani ne ya zauna ya yi su da hannunsa aka biya shi ladan aikinsa.

Kada ku zaci wannan dabara baƙuwa ce da ta zo mana daga Turai. Malaman tarihi, irin su Imamu Ɗabari, sun ruwaito cewa sa'ad da Halifa Abu Ja'afar al-Mansur ya yi azamar gina Bagadaza a shekara ta 145 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 762, bai yarda a haƙa harsashi ba sai da aka zana masa siffar birnin a ƙasa da toka, da ganuwarsa da ƙofofinsa da filayensa, ya shiga ya zaga cikinta da ƙafarsa. Sa'an nan aka zuba irin auduga da aka jiƙa da man fetur na wancan zamani bisa layukan, aka cinna wuta, ya tsaya ya ga birninsa duka a lokaci guda, sa'an nan ya ba da izini a fara aiki. Halifa ne mai hazaƙa, yana kuma da masana handasa a gabansa da za su iya yi masa bayani da baki har gari ya waye, amma ya san gani ya kori ji. Kazalika a Istanbul, a wani babban biki da Sarkin Musulmin Turkawa ya yi a 1582, inda masu sana'o'i suka yi jerin gwano kowace ƙungiya da alamar sana'arta, an ratsa fili da samfurin Masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina, ɗauke a kafaɗun mutane.

Yanzu bari in zo ga abin da na fi so ku riƙe, wato awo. Bambancin da ke tsakanin abin wasa da samfuri shi ne, abin wasa yana kama da abin da aka kwaikwaya ne a ido kawai, alhali samfuri yana bin nisbarsa ne a kowace gaɓa, ta yadda in an rage tsawon bango sau hamsin, to, wajibi ne a rage faɗin ƙofa sau hamsin, da tsayin taga sau hamsin, har da kaurin bangon kansa. Ku ɗauki misalin aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7. In kun zaɓi santimita ɗaya ta tsaya a madadin mita ɗaya, ajin zai fito santimita 9 da 7, wanda ya yi ƙanƙanta ƙwarai ga hannun da bai saba ba. In kuwa kun ce santimita 2 su tsaya a madadin mita, wato ɗaya bisa hamsin, zai fito santimita 18 da 14, ƙofa mai tsayin mita 2 ta zama santimita 4, mutumin da zai shige ta kuma ya ɗan gaza haka. Yaron da ya yi wannan hisabi sau ɗaya da rula a hannunsa, ya yanka kwali, ya ga bango huɗu sun haɗu ba tare da giɓi ba, ya fahimci babin nisba da kashi fahimtar da allo da alli ba su iya ba shi cikin zango guda. Wanda kuwa ya yi ganganci ya ƙiyasta da ido, ba ya bukatar malami ya ja masa jan biro, domin rufin da kansa zai ƙi zama, ƙofa ta fito ta fi bango tsawo. Wannan shi ne sirrin darasin. A jarrabawar takarda ɗalibi yana iya haddace abin da bai gane ba ya zuba shi ya ci maki, amma kwali ba ya karɓar hadda.

Saboda haka ne raina yake ɓaci ƙwarai da wata al'ada da ta fara yaɗuwa a makarantun wannan birni, musamman na masu hali, inda za a ba yaro aikin gida, sai uwa ko uba, saboda so da tausayi da gudun kada ɗansu ya ji kunya a gaban tsara, su kai wa kafinta ko wani mai zane a bakin hanya kuɗi ya yi masa, ko kuwa babban wa ya kwana yana yi ƙane yana barci. Da safe a saka abin a mota a kai makaranta, yana ƙyalli, a ba shi maki mafi yawa, a bar yaron da ya zo da nasa karkatacce wanda ya yi da hannunsa yana sunkuyar da kai. 'Ya'yana, ku sani wannan ha'inci ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani a kan ha'inci, ya kuma kwaɗaitar da mu cewa idan mutum zai yi aiki ya kyautata shi. Wanda aka yi wa aiki ya ci maki ya yi hasarar ilmin, kuma mafi muni, ya koyi cewa ana iya miƙa abin da ba a yi ba a karɓi yabo. Ban ga wata tarbiyya da ta fi wannan haɗari ga wanda wata rana zai riƙe kwangila ko ya sa hannu a takardar izinin gini ba. A garin nan mun ga benaye sun rufta da mutane, a Jabi a 2018, a Gwarimpa a 2023, kuma abin da masana suka fi ambata a irin wannan musiba shi ne rage rodi, da ƙwauron siminti, da ƙara hawa bisa harsashin da ba a yi shi domin haka ba. Wanda ya saba tun yana ɗan shekara goma sha biyu cewa santimita 4 ba ta zama 5 don ya gaji, ina kyautata zaton zai yi wuya ya yarda da irin wannan idan ya girma. Ina roƙon malamai kuma su riƙa tambayar kowane ɗalibi yadda ya auna da yadda ya haɗa, su sa a yi mafi yawan aikin a cikin aji a gaban idonsu.

Wata fa'ida kuma ita ce samfuri wurin yin kuskure ne da araha. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne; da suka ga lissafin da suka tarar a littattafai bai ba su abin da suke nema ba, sai a 1901 suka ƙera wani akwati mai hura iska, suka gwada ƙananan fukafukai kimanin 200 a cikinsa, kowanne da irin lanƙwasarsa, suka rubuta sakamakon; ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi. Ku ma kuna iya yin irin wannan gwaji a kan abin da ya dame mu a nan. Ku sami faffaɗan katako, ku gina unguwarku a kai da yumɓu, da tudunta da kwarinta kamar yadda suke, ku jera gidajen, sa'an nan ku kawo buta ku yayyafa ruwa daga sama ku ga inda zai bi. Ku toshe hanyarsa da gida guda, ku sake zubawa. Cikin minti biyar za ku fahimci abin da ke faruwa a wasu sassan Lokogoma da Lugbe idan damina ta yi nisa.

Amma fa ku san samfuri yana da iyaka, kuma sanin iyakarsa ilmi ne babba. Gadar da kuka yi da tsinken ashana tana iya ɗaukar nauyin da ya ninka nata sau da yawa, har yaro ya zaci in an faɗaɗa ta haka nan za ta ɗauki tirela. Ba haka ba ne, domin idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da tsayinsa sau biyu, nauyinsa yakan ninku sau takwas, alhali faɗin fuskar ginshiƙin da ke riƙe da shi sau huɗu kawai ya ƙaru. Galileo, masanin Italiya, ya bayyana wannan a littafinsa na 1638, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙafar giwa ba siffar ƙafar barewa take ba. Maginanmu na gargajiya sun san irin wannan iyaka ta hanyar aiki: sun san azara ba ta jure nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2, sai suka ƙago dabarar ɗaura ta gaɓa bisa gaɓa tana turowa daga bango, har ƙafafun bakan gizo su haɗu a tsakiya su ɗauki tulluwa. Wanda ya taɓa shiga Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai, ya ga matuƙar da wannan hikima ta kai. Da ni ne malamin ajinku, da na sa ku gina soro guda mai bakan gizo da tsinken tsintsiya da zare da laka kafin ku taɓa kowane bene na zamani.

Iyayenku da kakanninku, ku tambaye su, sun yi irin wannan aiki ba tare da an kira shi darasi ba. Bayan girbi yara kan tsinci karan dawa su fere shi, su tsaga bayansa su yi tsinke, su yanka totuwarsa su soka, su fitar da mota da jirgin sama har da tabarau. Wasu su ƙera motar langalanga da gwangwanin madara da tsohon silifa a madadin taya. 'Yan mata su yi wa 'yar tsana ɗaki da gado da jeren kwanoni. Abin da ya rage musu kawai shi ne rula da lissafi, ku kuwa an haɗa muku duka biyun. Abin takaici shi ne, da boko ya zo, sai wani tunani ya shige mu, cewa wanda ya yi karatu ba ya taɓa laka, aikin hannu na wanda kansa bai ja ba ne; muka cika ofisoshi da masu takardun shaida, muka bar wuraren gini suna neman gwanayen tayil da filasta daga ƙasashen maƙwabta. Malamanmu na farko ba haka suka ɗauki al'amarin ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya keɓe wa sana'o'i fasali-fasali, ya bayyana cewa sana'a malaka ce da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki a gaban gwani, cewa tana ƙara wa mai ita hankali, kuma sassaƙa ba ta kammala sai da rabo daga ilmin handasa.

In kuna son hujja daga ƙasar da kuke takawa, ku ciro takardar Naira 20 ku duba. A fuska ɗaya Murtala ne, wanda ya ba da umurnin kafa birnin. A ɗaya fuskar kuwa wata mace ce zaune tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa a garin Kwali wajen 1925, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata gwaggonta, ba ta shiga ajin boko ba. Kyan aikinta ya sa Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a fadarsa, a can ne Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ta zama mace ta farko a cikinta. Ta je Ingila da Amurka ta nuna sana'arta a gaban masana, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a Minna a 1984. Wannan ga 'yan matanmu musamman nake faɗa, domin na ga sau da yawa idan an raba aji ƙungiya-ƙungiya, maza su riƙe rula da reza, a bar mata da shafa fenti. Kada ku yarda da wannan rabo, 'ya'yana, ku karɓi rula ku auna. Ga samari masu son mota kuma, ga Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya karanta zayyanar gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka ya koyi zayyanar motoci, ya yi aiki a kamfanin General Motors har sunansa ya fito a kan siffar motar Chevrolet Volt, sa'an nan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar zayyana da bunƙasa motoci ta ƙasa a nan Abuja. A sana'arsa, har yau da kwamfuta ta cika duniya, ana sassaƙa mota da wani irin yumɓu a dube ta ta kowace kusurwa kafin a narka ƙarfe.

Na san wasunku za su tambaya, ko iyayensu su tambaya, game da hukuncin yin siffofi, kuma tambaya ce da ta cancanci girmamawa. Abin da malamai suka yi magana a kansa da tsanani shi ne sassaƙa surar abu mai rai. Gida kuwa da masallaci da gada da jirgi da itace babu saɓani a kan halaccinsu, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai yin surori da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Ya kuma tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana da 'yan tsana da take wasa da su, wanda daga nan ne jamhurin malamai suka yi rangwame ga kayan wasan yara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya ga gine-gine da injuna, fagen yana da faɗi, ya kuma nemi ƙarin bayani wurin malaminsa na Islamiyya.

Batun rashin kayan aiki ba zan daɗe a kansa ba, domin ba uzuri ba ne mai ƙarfi. Gaskiya ne makarantu da yawa ba su da ɗakin fasaha, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta gyara wannan. Amma katon ɗin da masu shaguna ke zubarwa a kasuwar Wuse da ta Utako ya ishi makarantun garin nan duka, sitaci ko ƙaro yana maye gurbin gam, tsohuwar jarida in an jiƙa ta an kirɓa an gauraya da sitaci takan ba da dutse da tudu, yumɓu kuma yana nan a Ushafa da Giri inda mata ke ginin tukwane har gobe. Ku dai kula da reza, ku yanka kuna nisanta ta daga yatsunku, bisa katako ba bisa cinya ba.

Game da abin da za ku gina kuwa, na san idonku zai fara tafiya ga Ƙofar Birni da Babban Masallacin Ƙasa mai hasumiya huɗu, ba kuwa laifi. Sai dai waɗannan an ɗauki hotonsu sau dubbai, ba su cikin haɗarin mantuwa. Abin da ke ɓacewa a gaban idonmu shi ne gidan Gbagyi na asali da ɗakunansa da rumbunansa, da zauren Bahaushe mai zankwaye da indararo, waɗanda birni ke haɗiyewa shekara bayan shekara. Ɗalibin da ya je ƙauye a Bwari ko Kuje ko Abaji, ya yi sallama, ya gai da mai gida da ladabi, ya nemi izini ya auna rumbu, ya tambayi dalilin da ya sa aka ɗaga gindinsa bisa duwatsu, ya dawo ya gina shi bisa awo ya rubuta sunan ƙauyen da shekara a ƙarƙashinsa, ya yi wa tarihin yankin nan hidimar da manya da yawa ba su yi ba, kuma ya kamata makarantarsa ta adana aikin a kabad maimakon a share shi da shara ranar hutu.

Saboda haka, 'ya'yana, kada ku jira sai malami ya ba da aiki. A hutun nan mai zuwa kowannenku ya ari tef ɗin awo wurin tela ko kafintan unguwarsu, ya auna ɗakin da yake kwana, bango da ƙofa da taga da gado, ya rubuta a littafi, ya raba kowane awo da 20, ya yanka kwali ya haɗa. In ya gama, ya kai wa wani birkila ko magini dattijo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a duba mini inda na kuskure," ya kuma saurari abin da zai faɗa har ƙarshe, sa'an nan ya koma ya sake ginawa.